Wurin Zuwaira a Hagu

Malam Yusha'u bai taɓa zagin yaro ba. Wannan kowa ya shaida a Unguwar Sarki, shi ma yakan faɗa da bakinsa. Idan ya ji wata mace tana ce wa ɗanta ɗan banza, sai ya tsayar da basfarsa ya yi mata wa'azi a bakin titi, ko ya san ta ko bai san ta ba. Akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, mutum mai tsare lokaci, wanda bai taɓa fita da riga ba guga ba. Karatunsa na makaranta a firamare ya tsaya. Sauran Turancin da ke bakinsa shi ya nemo abinsa, daga tsofaffin jaridu da rediyo da darussan da ake aiko masa ta gidan waya. Saboda haka yake ji da Turanci kamar yadda manomi ke ji da gonar da ya sare da hannunsa.

A gidan akwai 'yan mata biyu sa'o'in juna, dukansu a ajin ƙarshe na firamare. Safiya 'yarsa ce ta fari, doguwa, mai baki. Zuwaira kuwa 'yar wansa Rabe ce, direban babbar mota wanda ya rasu a hatsari a hanyar Zariya. Bayan sadakar arba'in dangi suka zauna suka ce yarinya ta koma hannun baffanta, tunda shi ne mai ilimin boko. Uwarta Rahmatu, wadda ke sayar da tuwo a tashar Kawo, ba ta yi musu ba. Ta ɗaure kayan yarinyar a zane ta miƙa masa, ta ce, "Akawu, ga amanar wanka. Ka sa ta zama irinka." Ba ta ambaci sunan yarinyar ba, ba ta ko dube ta ba, domin 'yar fari ce, Rahmatu kuwa mace ce mai kunya irin ta mutanen da.

Yusha'u ya karɓi amanar da gaske, kada a yi masa ƙarya. Abin da ya ɗinka wa Safiya shi ya ɗinka wa Zuwaira. Kwano ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana. Matarsa Kaltume ma ba ta bambanta su ba. Da a ce ci da sutura kaɗai za a tambayi mai riƙo ranar gobe, da Yusha'u ya wuce ba tuntuɓe.

A shekarar da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa, jarrabawar shiga sakandare ta matso wa 'yan matan. Yusha'u ya samo tsofaffin tambayoyi, ya ga babu shekarar da ba a tambayar kalma da akasinta, wato a ba ka kalmar Turanci ka kawo wadda ma'anarta ta juya mata baya. Sai ya kafa darasi kullum bayan La'asar, a gindin dogon yaron da ke ƙofar gida. Ra'ayinsa shi ne yaro ba ya riƙe abin da ya haddace, sai abin da ya gani da idonsa. A nan kam yana da gaskiya.

Da kayan gida ya fara. Ya ɗaga buta cike da ruwa a hannun dama ya ce "full", ya ɗaga wadda ba komai a hannun hagu ya ce, "Opposite?" Yara su amsa, "Empty!" Ya buɗe ƙofa ya rufe. Ya kawo sabon takalmi da tsoho, ya kawo garwashi da ruwan randa. Yaran maƙwabta suka fara leƙowa, ya ce su zo su zauna, ilimi ba na mutum ɗaya ba ne. Kafin a jima gindin bishiyar ya cika.

Ranar da aka zo kan tsawo da gajarta, ya duba bai ga abin nunawa ba, sai ya kira 'yan matan. Ya tsayar da Safiya a damansa, Zuwaira a hagunsa.

"Safiya is tall. Opposite?"

"Zuwaira is short!"

Aka yi dariya, har da Zuwaira, domin gaskiya ne gajera ce. Yusha'u ya ji daɗi ya samu sabuwar dabara. Mutum ya fi buta sauƙin nunawa, ba sai an shiga gida an ɗauko shi ba.

Babu ranar da Yusha'u ya zauna ya yanke shawarar abin da ya biyo baya. Sannu a hankali ya zo, kamar yadda yawancin laifin mutanen kirki ke zuwa. Daga tsawo da gajarta aka koma sauri da nawa. Daga nan aka koma tsabta da ƙazanta, ƙoƙari da daƙiƙanci, kyau da muni. Kullum Safiya tana dama, domin a nan aka fara tsayar da ita, kuma kalmar farko ta mai dama ce. Kullum Zuwaira tana hagu tana jiran abin da ya rage. Ba a ma kiransu kuma. Da ya fito da kujerarsa, kowacce ta nufi wurinta.

Akwai kuma abin da bai yarda ya gaya wa kansa ba. Bahaushe ne mai kunya, ko da wasa bai taɓa yabon 'yarsa ta fari da Hausa ba. Amma da Turanci bakinsa ya saku. Yana iya cewa Safiya kyakkyawa ce, mai ƙoƙari ce, a gaban yaran unguwa, bai ji komai ba, ya kira shi darasi. Yabon yake jin daɗinsa. Amsar da ke dawowa daga bakin yara kuwa, abin da kawai yake saurare a cikinta shi ne ko daidai ce ko kuskure.

Yara ba su da wannan makantar. Wata 'yar maƙwabta, Ladi, ita ta fara kiran Zuwaira da Ofozit. Sunan ya bi ta famfo, ya bi ta makaranta, ya bi ta wurin mai niƙa. Yusha'u ya ji shi sau da yawa. Ya yi murmushi ya ce a ransa ashe darasi yana shiga.

Wata Asabar Rahmatu ta zo ganin gida, ɗauke da ƙullin dambun nama da ƙuliƙuli. Tun tana amarya a gidan wansa suke wasa da Yusha'u, wasan matar wa da ƙanin miji, mutuwar Rabe ba ta kashe shi ba.

"Akawu sarkin guga," ta ce tun daga ƙofa, "har yanzu Kaltume ba ta iya ciyar da kai ba? Dubi wuya kamar na zalɓe."

"Ke da kike sayar da tuwo, me kika taɓa aiko mini?"

"Kai da ke cin abinci da cokali, ina kai ina tuwon tasha?"

Zuwaira ta zo ta durƙusa ta gaishe ta. Rahmatu ta amsa tana kallon wani wuri, kamar yadda aka saba, ta tambayi Safiya karatu, ta shafa kanta. Da aka yi La'asar yara suka fara taruwa. Yusha'u ya ga dama ta samu da zai nuna wa matar wansa bai yi wasa da amana ba. Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa.

"Zauna ki ga aiki, Yaya. Yau za ki ji Turanci."

'Yan matan suka tsaya, kowacce a wurinta.

"Safiya is clean. Opposite?"

"Zuwaira is dirty!"

"Safiya is clever. Opposite?"

"Zuwaira is dull!"

"Zuwaira, ke kaɗai yanzu. Safiya is beautiful. Opposite?"

Zuwaira tana kallon yatsun ƙafarta ta ce, "Zuwaira is ugly."

"Madalla! Kin ji ko, Yaya? Ko kuskure ɗaya babu."

Rahmatu ta tafa hannu. Kunya ta hana ta yabon 'yarta, amma fuskarta ta kasa ɓoyewa. Ta ce, "Ikon Allah, kamar a rediyo. To Akawu, juya mini da Hausa mana, ni ma in ƙaru. Me ake cewa a kan yarinyar nan? Na ji sunanta yana ta dawowa."

Yusha'u ya buɗe baki da sauri, domin fassara aikinsa ce, kullum yana yi wa mutane a ofis. Kalmar farko ta zo har kan harshensa: ƙazama. Nan ta tsaya. Ta biyu tana bayanta: daƙiƙiya. Ta uku: mummuna. Ya dubi Rahmatu, wadda ta miƙo wuya tana murmushi tana jira.

"Cewa muke," ya ce, "ɗaya doguwa ce, ɗaya gajera."

"Duk wannan dogon zancen?"

"Haka Turanci yake. Abu ɗaya sai ya yi sunaye da yawa."

Rahmatu ta yi dariya. "Gajartar kam ta ubanta ce, Allah ya jiƙansa. Ba wanda zai raba ta da ita."

A lokacin ne Zuwaira ta ɗago kai. Ta dube shi kawai, kallon da bai wuce ƙiftawar ido ba, ta mayar da kanta ƙasa. Yusha'u ya gane abu biyu a cikin wannan kallon. Ta san ma'anar kowace kalma, shi ya koya mata. Ta kuma ga baffanta, wanda ke dukan yaro a kan ƙarya, ya yi ƙarya a gaban uwarta.

Ya sallami yara da wuri. Ya raka Rahmatu bakin titi inda za ta hau bas zuwa Kawo. Tana tafe tana yi masa godiya, abin da ba ta saba ba. Ta ce ta ji yara suna kiran yarinyar da wani suna na Turawa, za ta gaya wa matan tasha. Ta ce da wansa yana raye ya ga wannan rana, da ya yi kuka. Kowace kalma tata sai ya ji kamar ana ɗora masa dutse. Da bas ta tashi ya tsaya a wurin har ta ɓace.

A hanyar komawa ya gwada faɗin kalmomin da Hausa, a hankali, shi kaɗai. Zuwaira ƙazama ce. Bai iya ƙarasa ta biyun ba. Wannan ai ita ce irin maganar da yake tsayar da basfa a kanta. Matan da yake yi wa wa'azi ma sun fi shi, domin su cikin fushi suke yi, su huce. Shi kuwa da alwalarsa, a kan kujera, yake tara yaran unguwa su faɗa da murya ɗaya, idan sun faɗa ya ce madalla. Ya shiga sahun Magariba bai san surar da liman ya karanta ba. Fuskar Rabe kawai yake gani, ranar da ya ɗauke shi a gaban mota ya kawo shi Kaduna neman aiki, yana gaya wa kowa a tasha, ga ƙanena, ya iya Turanci.

Washegari da safe ya tarar da Kaltume tana tankaɗe a tsakar gida. Ya tsaya a kanta ya rasa ta inda zai fara.

"Kaltume, yarinyar nan, lafiya take kuwa?"

Ba ta tambaye shi wace yarinya ba. Ta ajiye rariya.

"Sai yau ka gani, Malam? Tun da damina na gaya maka yarinyar nan ta canza, ka ce mini ilimi ne ke shigarta, mai ilimi ba ya yawan surutu."

"Me take yi?"

"Wanka. Ta yi da safe, ta dawo daga makaranta ta yi, kafin darasinka ta sake yi. Tana dirzar jikinta da soso har fatar hannunta ta tsage. Na ɓoye sabulu, ta koma yi da toka. Madubin ɗakinsu kuwa, idan ita kaɗai ce sai ta juya shi ya kalli bango. Ni ban yi boko ba, ban san abin da kuke faɗa a gindin bishiyar nan ba. Amma na san yaro ba ya fita daga wurin alheri ya shiga bayan gida ya yi ta kuka."

"Me ya hana ki matsa mini?"

"A matsa maka? Kai?"

Ya san halinsa, sai ya juya ya shige ɗaki.

Mutum mai girman kai idan ya gano laifinsa, abin da ya fara nema shi ne hanyar gyarawa ba tare da ya furta ba. Haka Yusha'u ya yi. Ya ce a ransa abin da sauƙi, wuri kawai za a sauya. Da La'asar ya fito da kujera, 'yan matan suka nufi wurarensu, ya ce, "A'a. Yau Zuwaira dama, Safiya hagu."

Safiya ta zagaya tana gunaguni. Zuwaira ta matso dama, ta tsaya a takure kamar wadda aka sa wa rigar wani.

"Zuwaira is clever. Opposite?"

Yara suka dubi juna. Ladi ta toshe baki tana dariya.

"Ba ku ji ba ne? Zuwaira is clever. Opposite?"

Wata ƙaramar murya daga baya ta ce, "Safiya is dull."

Safiya ta fashe da kuka nan take. "Wallahi Baba ni ba daƙiƙiya ba ce! Me na yi maka? A gaban mutane?"

Sau ɗaya aka faɗa mata, ga abin da ta yi. Yusha'u ya dubi 'yarsa tana sharar hawaye, ya juya ya dubi ɗayar. Zuwaira ta riga ta bar dama. Ta zagaya ta bayan kujerarsa ba wanda ya sa ta, ta taɓa kafaɗar Safiya.

"Yi shiru, koma wurinki." Sannan ta ce masa, cikin ladabi, ba fushi a muryarta, "Baffa, a bar ta. Ni na saba. Nan ne wurina."

Da ta yi kuka ko ta yi tsiwa, da ya fi masa sauƙi. Ya ce yara su tafi gida, yau ba darasi. Safiya kuwa, cikin shessheƙa da haushi, ta ce, "Ita me ya dame ta? Ai ta riga ta gaya wa malaminmu ba za ta zauna jarrabawar ba."

"Zuwaira, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baffa."

"Saboda me?"

"Kada in faɗi in ba ka kunya."

Ya yi mata magana mai tsawo a wannan yammacin. Ya ce darasi ne kawai, misali ne, ba ita ake nufi ba, kamar buta ce da takalmi. Tana durƙushe tana cewa to, Baffa. Ya ga maganarsa tana zuba a ƙasa. Shi da kansa ya ce yaro yana riƙe abin da ya gani da ido, ga shi ta riƙe.

Ya kwana biyu yana kai da komo da abin a ransa. A ofis ya buga wasiƙa ɗaya ya yage, ya sake bugawa ya yage. Ya san zai iya yin shiru. Zuwaira ba za ta taɓa gaya wa uwarta ba, Rahmatu kuwa kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba. Yarinya za ta zauna a gidansa, ana ganinsa mai riƙon amana, har ranar da za a aurar da ita. Ba wanda zai tuhume shi. Wannan sauƙin shi ya fi ba shi tsoro.

Ranar Laraba da aka tashi aiki bai nufi gida ba, ya wuce Kawo. Tasha tana cike, 'yan kamasho suna kiran Zariya da Kano, ma'aikata suna sauka daga bas. Rumfar Rahmatu tana can gefe, kusa da masu faci. Tana kwasar tuwo ta hango shi.

"Yau kuma! Akawu a rumfar talakawa? Bari in aika a aro maka cokali."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a ƙarshen benci ya jira direbobin da ke ci suka tashi.

"Yaya, ranar Asabar ƙarya na yi miki."

Ta dakata da mara a hannu.

"Kin ce in juya miki da Hausa. Yanzu zan juya." Ya cire hularsa ya riƙe. "Na ce Safiya mai tsabta ce, yara suka ce Zuwaira ƙazama ce. Na ce Safiya mai ƙoƙari ce, suka ce Zuwaira daƙiƙiya ce. Na ce Safiya kyakkyawa ce, na sa ta da bakinta ta ce ita mummuna ce. Ba ranar kaɗai ba. Tun kafin damina muke yi, kullum. Sunan Turawan da kika ji kuwa, ma'anarsa duk abin kirkin da aka faɗa, ita ce akasinsa."

Rahmatu ta mayar da marar cikin tukunya a hankali. Wani kwandasta ya leƙo ya ce a zuba masa, ta ce tuwo ya ƙare, alhali ga shi a gabanta yana tururi.

"Na tafa muku," ta ce. "Ina zaune a tabarma ina tafa hannu."

"Ba ki sani ba."

"Kai ka sani?"

"Na san ma'anar. Ban ji nauyinta ba sai da na zo faɗa miki."

"Kai ne mai ilimin, Yusha'u." Tun da ta shigo gidansu ba ta taɓa kiran sunansa ba sai yau. "Na hana kaina ita. Ina ganinta in kau da kai, don kada a ce na yi maka rashin kara. Na ce tana wurin da ya fi nan. Nan wurin ashar ne, kana ji da kunnenka, direbobi da 'yan kamasho ba abin da ba sa faɗa. Amma ba wanda zai tsayar da ita a tsakiyar tashar nan ya sa a yi mata waƙa da shi."

"Ta ce ba za ta zauna jarrabawa ba. Ki taimake ni ki yi mata magana. Zan gyara."

"Ka kawo mini Zuwaira."

Ta faɗi sunan sarai, a gaban masu faci da masu wucewa. Yusha'u ya san yana da hujja idan yana so. Dangin uba ne suka ba shi, a al'ada uwa ba ta karɓe ɗa daga hannun baffa haka kawai, kuma da ya kai maganar gaban manya shi za a ba gaskiya. Ya auna wannan, ya ga bai da fuskar da zai kai ta.

"Zan kawo ta ranar Asabar. Zan nema mata wuri a makarantar nan ta Kawo."

"Wannan kuma tsakaninka da marigayi wanka."

Ranar Asabar Kaltume ta ɗaure kayan tana share ido da gefen mayafi. Safiya ta ƙi fitowa daga ɗaki, sai da aka tayar da basfa ta rugo ta cusa wa Zuwaira ɗan kunnenta a hannu. Ladi da sauran yara suna tsaye a gindin dogon yaro. Wata ta fara cewa, "Ofo—" Yusha'u ya juyo ya dube ta, ta haɗiye sauran.

Kafin su kai tasha ya tsaya a gefen hanya ya kashe injin. Bai juyo ba, domin ba zai iya kallonta ba.

"Zuwaira, ki saurare ni, da Hausa zan faɗa. Ke ba ƙazama ba ce. Ke ba daƙiƙiya ba ce, duk yaran nan ba wanda ya kai ki riƙe abu. Ke ba mummuna ba ce, kamar ubanki kike, shi kuwa ba a taɓa ce masa mummuna ba. Ni na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Na yafe, Baffa."

Da sauri ta faɗa, kamar yadda take amsa darasi. Ya san yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta da wata amsar da za ta ba babba. Yana shirin tayar da injin sai ya ji muryarta a bayansa, ƙasa-ƙasa.

"Baffa, in ba gaskiya ba ne, me ya sa tun farko ko sau ɗaya ba ka sa ni a dama ba?"

Ya nemi amsa. Amsar tana nan, ya san ta: ɗayar 'yarsa ce. Bai iya faɗa ba, bai kuma yarda ya sake yi mata ƙarya ba. Motoci suna wucewa, suna nan tsaye. Daga baya ya tayar da basfar.

Rahmatu tana bakin rumfa. Ba ta kau da kai ba wannan karon. Ta karɓi ƙullin kayan, ta kama hannun 'yarta ta juya shi, ta ga inda soso ya tsaga fatar. Yusha'u ya ce ya yi magana da hedimasta, ranar Litinin za a karɓe ta, kuma har yanzu akwai lokacin jarrabawa idan ta yarda.

"Za ki zauna?" Rahmatu ta tambaye ta.

"Ban sani ba, Inna."

"To, sai ranar da kika sani."

Ta ja ta suka shige bayan rumfa. Ba a ce masa ya zauna ba, ba a yi masa tsiyar cokali ba. Ya ɗan tsaya da hula a hannu, mutane suna ture shi suna wucewa, sannan ya juya.

Ya iso gida ana kiran La'asar. Da ya dawo daga masallaci ya tarar yaran maƙwabta sun taru a gindin bishiya kamar kullum, har wani ya fito masa da kujera. Ladi ta ce, "Baba, yanzu wa zai riƙa tsayawa a hagu?"

"Ba kowa," ya ce. "Ku tafi gida."

Ya ɗauki kujerar da kansa ya shiga da ita.